Mai Baki Tara a Gidan Kawu Rafi'u

Kawu Rafi'u yayan mahaifiyata ne, kuma gara in faɗa tun ba mu yi nisa ba, ban taɓa son sa ba. Ina gaishe shi, ina rusuna masa, ranar salla ina sumbatar kansa kamar yadda kowa ke yi wa babba a Jidda, amma ladabi daban, so daban. Shekara biyun ƙarshe na rayuwarsa ya yi su ne yana roƙon abu ɗaya tal daga bakin 'yarsa Mastura, wato ta ce ta yafe masa. Na ga abin da ya jawo roƙon da idona, na ga yadda ya ƙare, har ma na tsoma baki a ciki ba wanda ya sa ni.

A unguwar Karantina ta Jidda aka haife shi, a nan ya yi aure, a nan ya tsufa. Sana'arsa igiya. Ba sabuwa yake tufkawa ba, gyara yake yi wa masunta da masu ƙananan jirage. In igiya ta tsinke, Kawu zai haɗa bakin biyu ba tare da ƙulli ba, silin wannan ya shige cikin silin wancan, ka shafa da hannu ka rasa inda mahaɗar take. Mu'allim Rafi'u ake ce masa a bakin ruwa. Sahun farko a masallaci, in an yi rasuwa kafaɗarsa ce farkon shiga ƙarƙashin makara, in baƙon alhaji ya ɓata hanya shi zai raka shi har masauki. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Mu da katangar langa-langa ɗaya ce ta raba gidanmu da nasa, mun san wani Rafi'un daban.

Igiyar gado ce. Kakansa Abduljalil ya baro ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar hajji, ya yi shekara bakwai a hanya, ya yi noma a nan ya yi dako a can, har ya iso Sawakin ta ƙasar Sudan guzuri ya ƙare, ga teku a gabansa. Sai ya kama aikin loda kwal a jiragen Ingilishi, daga baya wani jirgi ya ɗauke shi. A cikin jirgin akwai wani tsohon Bature mai kula da igiyoyi, wanda ya yi ƙuruciyarsa a jiragen yaƙin ƙasarsu. Wata rana zafi ya ishi tsohon ya tuɓe riga, Abduljalil ya ga bayansa kamar gonar da aka yi wa huɗa. Ya tambaye shi me ya same shi. Tsohon bai tsaya dogon bayani ba, ya yanko igiya kamu biyu ya nuna masa da hannu.

Ga yadda abin yake, kamar yadda na ji daga bakin Kawu ya fi a ƙirga. Igiyar jirgi mai kauri sili uku ce aka tufke. In ka warware rabinta ka sami uku. Kowanne cikin ukun shi ma uku ne, in ka sake warwarewa ka sami tara. Sai ka bar ɗaya rabin a tufke ya zama mariƙi, ka bi silin nan tara ka matse kowanne, ka yi masa ƙulli uku. Ka sami bulala mai baki tara ke nan, duka ɗaya shaida tara. Da ita, in ji shi, ake horon ma'aikacin jirgin yaƙi in ya yi maye, ko ya yi barci a bakin aiki, ko ya ɗaga wa na gaba da shi murya. A ɗaure shi a tsaye, a tara duk mutanen jirgi su kalla, a yi ta ƙirgawa sha biyu sha biyu, in an gama a watsa masa ruwan teku. A jar jaka ake ajiye ta. Abin da ya fi burge Kawu a labarin, wai sau da yawa mai laifin ake miƙa wa igiyar tun kafin ranar, shi zai haɗa abin da za a dake shi da shi. In ya zo nan sai ya yi murmushi ya girgiza kai, ya ce Turawa akwai tsari.

Lokacin da Abduljalil ya shiga jirgi ma, Turawan sun riga sun daina, su da kansu sun ga abin ya yi muni. Su da abin yake nasu sun yar, mu muka tsinta muka share mata ƙura. Mutane kan ce mini ai shi ma Kawu haka aka yi masa. Na ji. Mahaifiyata ma a gidan ta tashi, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa ɗaga mana ko tsintsiya ba.

Dokar gidan Kawu ba hayaniya a cikinta. In yaro ya yi laifi, ba faɗa, ba zagi. Da safe kafin ya fita zai yanko igiya ya ajiye maka a cinya ya wuce, ko kallonka ba zai yi ba. In ka san laifinka to, in ba ka sani ba kana da yini guda ka tuno. Ka zauna ka warware, ka matse, ka ƙulla, sauran yara suna wasa a lungu kana jin su. Bayan la'asar zai dawo ya yi wanka, ya sha shayinsa a tsanake, sannan ya sa a kira kowa tsakar gida, har da mu 'ya'yan ƙanwarsa, don mu ma mu ɗauki darasi. Zai karɓi bulalar ya duba ta ƙulli bayan ƙulli kamar mai sayen zinari. In ya sami ɗaya sako-sako, adadi ya ninka. Matarsa Madina tana tsaye bakin madafa, ta cusa gefen mayafi a baki.

In ya gama sai ya sa a kawo ruwan gishiri, shi da kansa zai shafa, ya ce, "Khalas. Wanda aka daka an gama da shi." Kuma da gaske yake yi. Ba zai ƙara tayar da maganar ba har abada, wani lokacin ma ya ja hannun yaron ya kai shi bakin titi ya saya masa balila, dafaffen waken nan na Larabawa. A wurinsa bulala sabulu ce, tana wanke laifi tas, kuma ya yi imani da wannan kamar yadda ya yi imani da hisabi. Maza a masallaci suna yaba masa, su ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, su ce ka ƙi naka duniya ta so shi. Waɗanda abin bai yi wa daɗi ba kuwa sun yi gum, don ba mai kiran hukuma unguwar da rabin mutanenta ba su da iƙama, wato takardar zama.

Ni da Mastura sa'o'in juna ne, wata uku ne tsakaninmu. Muna shekara goma sha uku, ƙanenta Husaini yana tara. Husaini bahago ne, ga sanyin hannu, ƙullinsa kullum sako-sako, don haka kullum nasa dukan ninki ne. Rannan ya ɗauki tsinken katakon da Kawu ke buɗe sili da shi ya tafi wasa, ya faɗa masa a kwata. Da safe igiya ta sauka a cinyarsa. Mastura ta ga yana ta fama yana kuka, majina har baki, sai ta ja shi bayan randar ruwa ta karɓi igiyar. Ita kuwa gwana ce tun lokacin, ta gaji uban. Ta yi masa ƙullin da ido zai gani a matse amma cikinsa da laushi. Ni na tsaya musu gadi a bakin ƙofa, ina ji da kaina wai mun yi dabara.

Bayan la'asar Kawu ya karɓa ya juya ta sau biyu. Ashe ƙullin bahago hagu yake kwanciya, na mai dama kuma dama, abin da duk mai sana'ar igiya ya sani, mu ne dai ba mu sani ba. Bai tambayi kowa ba. Ya juya mariƙin ya miƙa wa Mastura.

"Wanda ya haɗa shi ya san nauyinta," in ji shi. "Yalla. Sha biyu. In kin sassauta mu koma ɗaya."

Ta sassauta mana, wa ba zai sassauta ba? A na huɗu ya ce a koma ɗaya. A na shida ya sake cewa a koma. Sau uku ana komawa, har Husaini da kansa ya fara ihu yana cewa, "Yaya, ki dake ni sosai a gama, don Allah ki dake ni sosai!" Sai ta rufe ido ta saki hannu. A na tara yaron ya waigo ya dube ta, baki ɗaya daga cikin taran ya same shi a idon hagu. Ƙarar da ya yi, har yau in na ji yaro ya yi irinta a titi sai na nemi abin dafawa. Madina ta zabura, Kawu ya ɗaga mata hannu ta tsaya. Ya dubi yaron, ya ga jini, ya dubi Mastura.

"Saura uku," ya ce.

Ta cika ukun. Muna tsaye mu bakwai muna kallo, har da ni. Aka kawo ruwan gishiri, ya shafa a bayan, ya ce khalas. Sai washegari aka kai Husaini asibiti, aka ce musu ƙusa ce ya faɗa a kai. Idon bai tashi ba.

A wajen Kawu magana ta ƙare ranar, tunda an daka an gama. Ya ci gaba da yanka igiyarsa har ƙananan suka girma suka watse, ɗaya Dammam, ɗaya Bur Sudan, kowa ya nemi inda ya fi nisa. Husaini bai taɓa yi wa Mastura maganar ba, amma in suna ɗaki ɗaya sai ya zauna ta yadda mataccen idon ne ke fuskantarta. Yana shekara goma sha bakwai ya bar gida, ya koma wankin mota, yana kwana a gareji. Takardunsa suka mutu, bai zo ya nemi uban ya sabunta ba, uban ma bai neme shi ba. Shekarar da aka tsananta kame, aka kama shi aka sa a jirgi zuwa Kano, garin da bai taɓa gani ba, da Hausarsa rabi Larabci. Shekara biyu ya yi can. Wani mai shago da yake kwana a barandarsa ne ya sami lambar Mastura a aljihunsa ya bugo ya faɗi rasuwar.

Madina ta riga ta rasu tun kafin wannan. Kawu ya zauna shi kaɗai, ciwon suga ya cinye masa ido a hankali har ya daina bambanta rana da inuwa. Sannan aka zo aka shafa jan fenti a katangun Karantina, alamar rusau, aka ba mu kwanaki mu kwashe. Kowa ta kansa yake yi, ni ma da kyar na sami ɗaki a wajen 'yata. Na Dammam ya ce gidansa ya yi kaɗan, na Bur Sudan wayarsa ba ta shiga. Ranar da motocin rusau suka iso bakin lungunmu, Kawu yana zaune a kan akwatinsa a ƙofar gida ba wanda ya ce masa ci kanka. Sai ga Mastura da motar ɗaukar kaya. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata sun yi aure, tana zaune ita kaɗai a ɗaki biyu a hawa na uku a unguwar Mahjar. Ta kama hannunsa ta sa shi a mota. Mata suka yi ta sa mata albarka, ni ma na sa, har da hawayena. Wauta ba ta tsufa.

A yi mata adalci, ta riƙe shi riƙon da ba mai kushewa. Allurarsa ba ta wuce lokaci, abincinsa ba gishiri ba sukari kamar yadda likita ya ce, zanen gadonsa fes, ta yanke masa farce, ta kai shi bayi, ranar Juma'a ta biya mai mota ya kai shi masallaci. Sai dai ba ta hira da shi. Ga abinci, ga ruwa, miƙo hannu, shi ke nan.

Da igiya ita ma take ci. Tana saƙa tabarmin ƙofa da kwanduna da maƙalin makulli, tana kai wa wani mai shago kusa da kasuwar Bab Makka, sunansa Nayef, wanda ke sayar wa baƙi masu yawon buɗe ido da manyan jiragen ruwa ke saukewa. A cikin akwatin Kawu ta tarar da jar jakar nan da tsohuwar bulala a ciki. Ta kai wa Nayef ya gani. Ya yi ta murna, ya ce Turawa za su gane ta, ta kawo masa ko nawa ta samu. Haka kuwa aka yi. Na taɓa wucewa na ga wani jan Bature da gajeren wando yana kaɗa ta a iska, matarsa tana ɗaukarsa hoto suna ta dariya.

Bayan azumin farko da ya yi a gidanta ne Kawu ya fara roƙon. Ita ta ba ni labari da bakinta, ba ta ɓoye ba. Tana ba shi magani ya riƙe gefen rigarta ya ce, "Mastura, ina jin tafiya ta matso. Samihini, ya binti. Ki yafe mini." Ta zare rigarta ta fita. Da safe ta yanko igiya kamu biyu ta ajiye masa a cinya, ta wuce ko kallonsa ba ta yi ba.

Ya shafa ya gane. Makaho ne amma hannun bai makance ba. Ya warware, ya matse, ya ƙulla ashirin da bakwai, ko ɗaya ba sako-sako. Da aka yi la'asar ya yi salla a zaune, ya tuɓe rigarsa ya ninke, ya juya ya dafa bango da hannu biyu yana jira. Murna ma yake yi a ransa, don a dokarsa in an daka an gama. Mastura ta shigo ta ɗauki bulalar, ta duba ta ƙulli bayan ƙulli, ta jefa a kwalin Nayef. Ta ce, "Ga shayinka nan a dama da kai." Ta fita. Washegari wata igiyar ta sauka a cinyarsa.

Ni ban san ana yi ba sai bayan wata huɗu, da na je da yamma na tarar da shi a haka. Tsoho ɗan shekara tamanin da ɗoriya, ƙasusuwan baya duk a waje, hannuwa a jikin bango. In ya ji motsi sai ya ƙanƙame jiki, in motsin ya wuce sai ya saki. Ya ji takun Mastura ya ce, "Ki daka, don girman Allah. Ko ɗaya ce ki daka." Ta ɗauki bulalar ta wuce ta gabana kamar ta ɗauki tsintsiya. Na bi ta madafa.

"Mastura, wannan wace irin azaba ce? Ubanki ne fa!"

"Na taɓa shi?" in ji ta, tana zuba ruwa a buta. "Je ki duba bayansa, in kin ga shaida ɗaya ki kira mini 'yan sanda. Aiki yake yi, likita ma ya ce ya riƙa motsa hannu."

"Ki ji tsoron Allah. Ko ki yafe masa, ko ki dake shi ya huta."

"Ya huta." Ta ajiye butar. "Shi ya ce wanda aka daka an gama da shi. To ni ban gama da shi ba."

Na ce mata idon nan kuskure ne, ƙaddara ce, yaron ne ya waigo. Ta juyo ta dube ni, kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba.

"Idon kuskure ne, na sani. Ukun da suka biyo baya fa? Yana ganin jini yana bin kuncin yaron ya ce mini saura uku, kuma na cika. Da hannuna, ya Aishatu, ba da nasa ba. Shi ya yi barcinsa ranar, ni shekara arba'in ke nan. Kina wurin ai. Ke ma kallo kika yi."

Gaskiya ta faɗa. In maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba, kuma Mastura ce ta goyi Husaini tun yana jinjiri. Na sha shayina na tafi gida ina jin haushinta, ina jin haushinsa, na fi jin haushin kaina.

Kawu ya gwada ta wata hanyar. Ya roƙi limamin masallacin da ake kai shi ya zo ya sa baki, amma abin da ya faɗa masa shi ne an ɗan sami kuskure wajen tarbiyya tun da daɗewa. Liman ya hau hawa ukun nan yana haki. Mastura ta tarbe shi da gahawa da dabino, ya ga gado fes, ya ga magunguna a jere, ya karanto mata haƙƙin iyaye da falalar afuwa. Ta sunkuyar da kai tana cewa, "Na'am, ya shekh. Sahih, ya shekh." Ya sauka yana gaya wa mutane bai taɓa ganin 'ya mai biyayya irinta ba. Da safe ta yanko igiya.

Haka aka yi ta yi har shekara ta zagayo ta sake kamawa. Ba kullum ba, in Nayef ya ce kaya sun isa takan yi sati ba ta yanka ba, kuma wannan satin ya fi masa wuya, don zai zauna tun safe hannuwa buɗe a cinya yana sauraron takunta. Na rage zuwa gidan. Ba na son mutumin, na faɗa, amma akwai abin da ko a kan maƙiyinka ba ka son gani.

Da ƙafafunsa suka kumbura aka kwantar da shi asibiti kwana tara, sannan suka ce a mai da shi gida a yi ta addu'a. Ya daina iya zama. Kunnen ma ya yi nauyi, sai an matso an ɗaga murya. Bakinsa bai bar kiran sunanta ba, Mastura, Mastura, ba da ƙarfi ba, kamar mai jan carbi. Tana zuwa ta juya shi, ta goge masa jiki, ta ɗiga masa ruwa a baki da cokali. In ya ce "Ki yafe mini," sai ta ce, "Ɗaga kanka in gyara matashin."

Ranar wata Litinin da hantsi na je. Tana madafa, shi kuma yana ta kiran nan. Na zauna na ji, na ji, har na kasa. Ni da Mastura muryarmu ɗaya ce, ko 'ya'yanmu suna ruɗewa a waya. Na ce a raina makaho ne, ga kurumta, ga magagin ciwo, in ƙarya ce Allah ya ga niyyata. Na durƙusa bakin gadon, na kama hannunsa, na kai bakina kunnensa.

"Baba, ni ce Mastura. Na yafe maka duniya da lahira."

Wallahi fuskar nan sai ta buɗe. Hawaye suka gangaro ta gefen idon zuwa kunne, yana ta alhamdulillahi, alhamdulillahi. Ya damƙe hannuna da nasa biyu ya kai ƙirjinsa. Ni ma kuka nake yi. Sai na ji babban yatsansa yana bin tafin hannuna a hankali, ya bi gindin yatsu, ya bi gefen manuniya, ya sake dawowa. Hamdalar ta tsaya. Sai ya buɗe hannuwansa ya sake ni.

"Aishatu," ya ce. "Hannun nan bai taɓa aikin igiya ba. Allah ya yi miki albarka. Tashi."

Na ɗago na ga Mastura tsaye a bakin ƙofa da faranti a hannu. Ban san tun yaushe take wurin ba. Shi ma ya ji a jikinsa, ya juyo da fuskarsa wajen ƙofar.

"Tana nan?" ya tambaye ni. Ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya ce, "Mastura. Ya binti. Saura kaɗan."

Na dube ta, na haɗa hannuwana biyu ina roƙonta ba murya. Taku uku ne tsakaninta da gadon. Ta dube shi ta daɗe, farantin ko motsi bai yi a hannunta ba. Sannan ta dube ni.

"Taso, shayinki zai huce," ta ce.

Ranar Alhamis bayan azahar ya cika. Ita ta rufe masa ido, ita ta ɗaure masa haɓa, ita ta fito da likkafanin da ta saya ta ajiye tun bara. Tsofaffin mutanen Karantina suka zo daga duk inda rusau ya watsa su, matattakala ta cika da takalma. Da aka gama shirya shi za a sauka da shi, wani dattijo cikin abokan aikinsa na bakin ruwa ya tsaya a ƙofar ɗakin da muke, mu mata, ya yi sallama ya ce ga Mu'allim Rafi'u zai tafi gidansa na gaskiya, duk wadda ya taɓa saɓa wa ta dubi Allah ta yafe masa. Ɗaki ya ɗauka gaba ɗaya, mun yafe, mun yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ni ma na faɗa, amma idona yana kan bakin Mastura. Tana zaune a tsakiyarmu, hannuwa a cinya, leɓenta a rufe. Dattijon ya ɗan dakata, don ya san wace ce 'yar mamacin, ya sake maimaitawa yana kallon inda take. Matar da ke kusa da ita ta taɓa ta da gwiwar hannu. Maza suna jira a matattakala, ga nauyi a kafaɗa, ga zafi, wani daga ƙasa ya ce a yi sauri kar a rasa jam'in la'asar. Aka sauka da shi a haka.